Hawan Bishiya Lokacin Farauta: Yadda Maigida Zai Hau Ya Sauko Lafiya

Uwargida, mai yiwuwa ki yi mamakin ganin maganar igiya da hawan bishiya a shafin da kika saba karanta bayanin awon ciki da abincin mai juna biyu. Dalilin shi ne, lafiyar mai ciki ba ta tsaya a jikinta kaɗai ba. Ranar da naƙuda ta taso, akwai wanda zai nemo mota, ya biya kuɗin magani, ya kuma ba da jini in an buƙata. Idan wannan mutumin yana kwance a wani ɗakin asibiti da karyayyen baya, duk shirin haihuwar da aka yi ya watse.

A ƙasar Gumel, wato ƙananan hukumomin Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, hawan bishiya hanya ce ta neman abinci. Da zarar an kawar da gero da riɗi da zoɓo, rani ya kama, matasa da magidanta sukan shiga daji farauta. Mafarauci yakan hau bishiya don ya hangi nesa, ko ya ciro tsuntsun da ya harba ya maƙale a reshe, ko ya bi damon da ya shige kogo, ko ya ɗebi zuma. Wanda ba ya farauta ma yana hawa. Mai awaki yana hawan gawo ya sassabo musu ganye da 'ya'ya, domin gawo da rani yake fitar da ganye lokacin da ciyawa ta ƙare. Mai amya yana hawa ya ɗora ta ko ya sauke ta. Da kaka kuma ana hawan kuka a ɗebo ganyen miyar shekara. Yawancin waɗannan mutane suna hawa ne da hannu da ƙafa kawai, babu abin da zai tare su in reshe ya karye.

Wannan bayani naki ne da maigida da duk wani mai hawa a gidanku. Ki karanta, ki kuma karanta musu.

Me ya sa faɗowa daga bishiya ke da muni?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a shekarar 2021 cewa mutane wajen 684,000 ne ke mutuwa kowace shekara sanadin faɗuwa, kuma fiye da kashi 80 cikin ɗari suna ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita. Bayan haɗarin mota, babu wani haɗari da ke kashe mutane kamar faɗuwa.

Wanda ya suɓuce daga tsawon mita 5, wato kamar tsayin mutum uku, cikin daƙiƙa ɗaya zai iso ƙasa, da gudun da ya kai kusan kilomita 35 a awa. Daidai yake da a ce babur ya yi karo da bango. A cikin wannan daƙiƙa ɗaya babu damar kama wani reshe, komai ƙarfin mutum da ƙwarewarsa. Shi ya sa likitoci ke ɗaukar faɗowa daga mita 3 ko fiye a matsayin babban haɗari, ko da mutum ya miƙe da ƙafarsa.

Raunin da aka fi tsoro shi ne na kai da na ƙashin baya. A cikin ƙashin baya akwai laka, wadda ita ce ke kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da sauran jiki. Ƙashi yakan haɗe bayan ya karye, amma laka in ta tsinke ba ta komawa yadda take. Wanda lakarsa ta lalace a tsakiyar baya ƙafafunsa sukan shanye, ya kasa riƙe fitsari da bayan gida. In a wuya ne, har hannuwa sukan shanye, numfashi ma ya yi wahala. Daga nan sai gyambon kwanciya da ciwon mafitsara su biyo baya. Jinya ce ta shekaru, kuma yawanci a kan matar gida take faɗawa, ga goyo ga sauran yara.

A duba bishiya tun daga ƙasa

Igiya ba ta fi abin da aka ɗaura ta a kai ƙarfi ba. Don haka kafin a taɓa igiya, a zagaya bishiyar a dube ta.

Kuka tana da girma, amma itacenta taushi ne da shi kamar soso, rassanta kuma sukan ɓalle ba tare da sun yi ƙara ba. Turakun da ake kafawa a jikinta don a taka sukan ruɓe a ciki alhali a waje suna nan kamar lafiyayyu. Turken bara ba abin dogaro ba ne bana. Gawon da aka daɗe ana sassabewa yakan yi kogo, kuma sabbin rassan da suka tsiro a wurin tsohon sara ba su da riƙo sosai. Zogale kuwa ba bishiyar hawa ba ce ko ga yaro.

A guji reshen da ba shi da ganye a lokacin da sauran ke da shi, da wanda ɓawonsa ke saɓulewa, da wanda gara ta yi wa gini, da wanda ya tsage a inda ya haɗu da uwar bishiya. A ɗaga kai a duba ko akwai wayar lantarki kusa. A saurara ko akwai kukan zuma ko rina. Kada a zura hannu cikin kogo sai an fara zungura da sanda, domin kogon da damo ke so, maciji ma yana so. Sau da yawa ba sarar maciji ko harbin zuma ke kashe mai hawa ba, firgitar da ta sa ya saki reshe ce.

Wurin da ya fi dacewa a rataya igiya shi ne gwafar da babban reshe mai rai ya rabu da uwar bishiya, reshen da kaurinsa ya kai cinyar babban mutum. Igiyar ta zauna a cikin gwafar, jingine da uwar bishiya. Kada a rataya ta can tsakiyar reshe.

Wace igiya ce ta cancanci ɗaukar rai?

A gidajenmu akwai igiya iri-iri: ta rama, ta kaba, ta ɓawon kuka, da ta roba mai launin shuɗi ko rawaya da ake saya a kasuwar Maigatari ranar Alhamis don ɗaure dabbobi da kaya. Kowace tana da amfaninta, amma ba kowace ce za a ba amanar rai ba.

Igiyar rama da ta kaba suna ruɓewa daga ciki idan sun jiƙe ba su bushe ba, gara da ɓera kuma suna cin su. Igiyar roba tana da santsi, ƙulli ba ya zama a jikinta da kyau, kuma rana tana cinye ƙarfinta. In kika ga launinta ya koɗe, ko tana barin gari a hannu in an murza ta, ta mutu. Igiyar guga da ta shekara tana gugar bakin rijiya, da igiyar da aka ja saniya ko mota da ita, ba na hawa ba ne.

Igiyar da aka yi musamman don hawa ta nailan ce ko makamancinsa, mai zare a ciki da saƙaƙƙiyar riga a waje, kaurinta milimita 11 zuwa 13, wato kamar ɗan yatsa. Ana samun ta a shagunan kayan kariyar ma'aikata a manyan garuruwa irin su Kano. Tana da tsada ga mutum ɗaya, amma mafarautan unguwa ɗaya ko masu amya za su iya yin karo-karo su saya su riƙa amfani da ita tare. 

Kafin kowane hawa, a bi igiyar da hannu daga farko zuwa ƙarshe. A nemi inda ta sille, ko ta yi ƙullutu, ko ta yi laushi fiye da sauran wurare, ko wuta ta taɓa. Igiyar da ruwan batir ya zuba a kanta a yar da ita ko da ba a ga alama ba. Wadda ta taɓa tare mutum a mummunar faɗuwa ita ma ta gama aikinta. A ajiye igiya a rataye cikin inuwa, nesa da murhu da fetur da hannun yara. Wannan dubawa aiki ne da ke ma za ki iya yi kina zaune a kan tabarma, uwargida.

Ɗamara: kada a ɗaura igiya a ciki

Kuskuren da aka fi yi shi ne mutum ya zagaya igiya a ƙugunsa ya ƙulle, ya ce ya tsira. In ya faɗo, igiyar takan zame ta hau ƙarƙashin haƙarƙari ta matse numfashi, ko ta fizge shi ta ji wa hanta da saifa da ƙashin baya ciwo. Mafi muni shi ne a yi amfani da zarge. Zarge na ɗaure akuya ne da dami. Ƙara matsewa yake yi gwargwadon nauyin da ya hau kansa, don haka bai kamata ya taɓa jikin mutum ba.

Abin da ya dace shi ne ɗamarar kariya, irin wadda kuke gani a jikin ma'aikatan wutar lantarki da masu hawan turakun wayar salula. Tana zagaya cinyoyi da ƙugu da kafaɗu, ta raba nauyi a kan ƙasusuwa masu ƙarfi, ta kuma riƙe mutum kansa a sama in ya suɓuce. A ɗaure ta ta kama jiki yadda tafin hannu kaɗai zai iya shiga tsakaninta da cinya. A duba ɗinkinta kamar yadda ake duba igiya.

Wannan darasi ba mu kaɗai ya shafa ba. A Amurka, masu farautar barewa sukan kafa ɗan dandamali a saman bishiya su zauna suna jira, kuma faɗowa daga nan na cikin manyan abubuwan da ke raunata mafarautansu. Abin da suka gano shi ne yawancin faɗuwar na faruwa ne lokacin hawa da lokacin saukowa, ba lokacin da mutum ke zaune a sama ba. Shi ya sa ƙa'idarsu ta zama: ka kasance a ɗaure tun daga sa'ad da ƙafarka ta bar ƙasa har ta dawo ƙasa. Wannan ƙa'ida ta dace da mai hawan gawo a Gagarawa kamar yadda ta dace da su.

Ƙulli uku da ya kamata a iya

Kowane ƙulli yana rage ƙarfin igiya, wani da kashi ɗaya cikin huɗu, wani har kusan rabi. Don haka yawan ƙulle-ƙulle ba ya ƙara tsaro. Abin nema shi ne ƙulli kaɗan, masu kyau, waɗanda za a iya dubawa da ido a gane ko sun yi daidai.

Na farko shi ne ƙulli mai siffar lamba 8. Da shi ake ɗaure igiya a jikin bishiya ko a jikin ɗamara. Za a auna kamar tsawon hannu ɗaya daga bakin igiya a yi ƙulli sako-sako mai kama da 8. Sai a zagaya bakin igiyar a abin da ake son ɗaurewa, a dawo da shi ya bi sawun ƙullin farko daki-daki har ya fito ta ɗaya gefen. A ƙarshe za a ga 8 mai layi biyu kwance gefe da gefe, babu wanda ya hau wani. A ja kowane zare a matse, a bar wutsiya da ba ta gaza tsawon tafin hannu ba. Ba ya zamewa, ba ya matse abin da ya zagaya.

Na biyu shi ne ƙullin Furusik, wanda ya samo sunansa daga wani mai hawan duwatsu ɗan ƙasar Ostiriya, Karl Prusik, da ya bayyana shi a shekarar 1931. Ana yin sa da siririyar igiya mai kaurin milimita 6 ko 7 da aka haɗa bakinta biyu ta zama zobe. Za a naɗa zoben sau uku a jikin babbar igiya, kowane zagaye ana zura shi ta cikin kansa, sai a maƙala ragowar a ɗamara. Amfaninsa shi ne in ka tura shi da hannu yana tafiya sama ko ƙasa, amma da nauyi ya hau kansa sai ya cije babbar igiya ya tsaya. Mai hawa zai riƙa tura shi gaba yana hawa, kullum ƙullin yana saman kansa, igiyar da ke tsakaninsu ba ta yi sako-sako ba. In ya suɓuce, tafiyar da zai yi kaɗan ce. Kada a damƙe ƙullin da hannu lokacin faɗuwa, domin damƙar takan hana shi cizo. Kuma ba ya kama igiyar roba mai santsi.

Na uku shi ne ƙullin da ake haɗa bakin siririyar igiyar da shi, wanda ake kira ƙullin masunta mai ninki biyu. Kowane baki yana naɗe ɗan'uwansa sau biyu ya zura ta ciki, sai a ja su haɗu. Ƙullin da muke ɗaure bakin buhu ko zani da shi ba ya wannan aiki, warwarewa yake yi in an yi ta motsa shi.

Karatu kaɗai ba ya koyar da ƙulli. Maigida ya nemi wani ma'aikacin lantarki ko ɗan kwana-kwana da ya ƙware ya nuna masa da hannu, ya yi ta gwadawa a ƙaramin reshen da ƙafarsa ke kusa da ƙasa, har ya iya ɗaurawa a cikin duhu.

Ƙugiyar ƙarfe

Abin da ke haɗa igiya da ɗamara wata ƙugiya ce ta ƙarfe mai ƙofa, ana ce mata karabina. Ta gaskiya tana da makulli da ake murzawa ya rufe ƙofar, kuma a jikinta an zana lamba 20 ko fiye tare da haruffan kN, ma'ana tana ɗaukar nauyin da ya kai tan biyu in an ja ta ta tsawonta, ƙofa a rufe. In aka ja ta ta gefe ko ƙofar na buɗe, ƙarfinta bai kai rabin haka ba. Ƙananan ƙugiyoyin da ake rataya mabuɗi ko jaka da su kamarta kawai suke yi, ko nauyin yaro ba za su riƙe ba. Haka ƙugiyar da aka lanƙwasa daga rodi, da ƙugiyar ciro guga, da waya. Wanda bai samu karabinar kirki ba, gara ya ɗaura igiya kai tsaye a ɗamara da ƙulli mai siffar 8. Rairayin wannan yanki yakan shiga makullin ya hana shi rufuwa, don haka a karkaɗe a gwada kafin a hau.

Tsarin hawa daga farko zuwa ƙarshe

1. Kada a hau bishiya ba tare da wani babba a ƙasa ba, kuma a faɗa wa mutanen gida dajin da aka nufa.

2. A ɗaura ɗan ƙunshin yashi a siririn zare a jefa ta cikin gwafar da aka zaɓa, sai a jawo babbar igiya da zaren. Ta haka igiya ta riga mutum hawa.

3. A zagaya baki ɗaya sau uku a gindin bishiyar a ƙulle da ƙulli mai siffar 8. Mutum biyu su rataya a ɗaya ɓangaren, ƙafafunsu kusa da ƙasa, a ga ko reshen zai yi ƙara ko ya sunkuya.

4. A hau hannu biyu babu komai. Bindiga da gatari da adda da wutar hayaƙin zuma duk su tsaya a ƙasa, a jawo su da wata igiya daban bayan an zauna daram. Bindiga a cire mata harsashi, bakinta na kallon ƙasa. Bindigar gargajiya da aka riga aka ɗura ba ta hawa bishiya ko kaɗan.

5. Kafin a fara sara, a ƙara wata gajeriyar igiya da za ta zagaya uwar bishiya ta dawo ɗamara. A kawar da igiyoyi daga bakin gatari da kuma wuta, domin nailan narkewa yake yi. Kada a ɗaura jiki a reshen da ake sarewa.

6. A sauko da kaya tukuna, sannan mutum ya biyo a hankali, yana jawo ƙullin Furusik tare da shi. Kada a kwance sai ƙafa ta taka ƙasa.

Masu hawan dabino da giginya da goruba da ke amfani da zoben igiya mai zagaya su da bishiya, su riƙa duba mahaɗin zoben kullum, su kuma riƙe na biyu, don kada su kasance a sake lokacin da suke ƙetare ganye.

Akwai ranakun da ba a hawa: ranar iska mai ƙarfi, lokacin hadari da tsawa, bayan ruwa sa'ad da ɓawo ke santsi, da tsakar rana ga mai azumi ko mai zazzaɓi. Mai farfaɗiya, da mai jiri, da mai dundumi, da wanda ya sha maganin mura mai sa barci, kada su hau. Tiramol da wasu matasa ke sha don su ji ƙarfi yana kawo jiri, yana kuma iya tayar da jijjiga a saman bishiya.

Mafi sauƙin kariya shi ne rage hawan. Doguwar gora mai lauje ko ƙugiya a baki tana tsinko ganye da 'ya'ya daga ƙasa. Amya ana iya sauko da ita da igiya a ɗebi zuma a ƙasa, ko a koma ga amyar katako da ake ɗorawa a kan ƙafafu. A ƙasar Mali manoma suna shuka kuka a lambu kamar alayyafo, suna tsinkar ganyenta tun tana gajeriya. Bayan gida ma za a iya gwada wannan.

Ke kuma, mai juna biyu

Kada ki hau bishiya ko tsani ko katanga ko turmi don miƙo wani abu, tun daga farkon ciki har ƙarshe. Ciki yana sauya ma'aunin jikinki, gaɓoɓinki suna sakin jiki don shirin haihuwa, ƙarancin jini kuma yana kawo jiri ba zato. Kada ki tsaya a ƙarƙashin bishiyar da ake sara, kada a ba ki riƙon igiyar da mutum ke rataye a kai, kuma kada ki ɗaga wanda ya faɗo. Aikinki a wannan lokaci shi ne kiran mutane da neman mota.

In kin faɗi, musamman bayan ciki ya kai wata biyar, ki je asibiti a ranar ko da ba ki ga jini ba. Bugu yana iya sa mabiyiya ta ɓalle daga jikin mahaifa, jini ya taru a ciki ba tare da ya fito ba. Za a saurari bugun zuciyar jariri, a lura da ke na wasu awoyi. Ki gaggauta ƙwarai in kin ga jini ko ruwa, ko ciki ya yi tauri yana ciwo, ko motsin jariri ya ragu, ko kina jin jiri. A hanya ki kwanta ta gefen hagu. In an taɓa gaya miki a wurin awo cewa jininki nagetif ne, ki faɗa wa ma'aikata, domin akwai allurar da ake yi cikin awa 72 don kare wannan ciki da masu zuwa.

Yaran gida

Lokacin mangwaro da kanya da tsamiya da goruba, yara ne suka fi zuwa mana. Raunin da suka fi samu shi ne karaya a saman gwiwar hannu, kusa da babbar jijiyar jini. In aka ɗaure irin wannan hannu tamau da karare, kumburi yakan toshe jini, hannu ya mutu cikin kwana ɗaya ko biyu, har ta kai ga yankewa. In yatsun yaro suka yi sanyi, ko suka kumbura, ko ya kasa motsa su, a kwance ɗaurin a kawo shi nan take. A ba yara gora su tsinko abin da suke so, a kuma hana su wasa da zarge ko rataya igiyar lilo a wuya.

Idan wani ya faɗo

Abin da aka yi a mintunan farko yakan raba tsakanin wanda zai sake tafiya da wanda ba zai sake ba. Ƙashin baya yana iya karyewa laka ba ta taɓu ba, sai wajen ɗauka a ƙarasa ta.

Kada a zaunar da shi, kada a tsayar da shi, kada a ja wuyansa ko a miƙar masa da baya. Mutum ɗaya ya durƙusa ta wajen kansa ya riƙe kan da hannu biyu, daidai da jikinsa. A tambaye shi ko yana jin ƙafafunsa, ko zai iya motsa yatsu. Kada a ba shi ruwa ko fura ko magani, domin mai yiwuwa a yi masa aiki. Inda jini ke zuba a danne da tsumma mai tsabta. In zai yi amai, a mirgina shi gaba ɗaya kamar gungume, kai da kafaɗa da ƙugu su juya tare.

Wajen ɗauka, a nemo ƙyaure ko faffaɗan katako. Mutum huɗu ko biyar su mirgina shi a kai, a tare kansa da naɗaɗɗen zani dama da hagu, a ɗaure shi da katakon. A sa shi a motar da zai kwanta a miƙe, kamar a-kori-kura. Kada a ɗora shi a babur, kada a lanƙwasa shi a kujerar ƙaramar mota. In babu hanyar mota, a tafi da shi a amalanke a hankali zuwa bakin titi.

In kuwa igiya ta tare shi yana rataye, a sauko da shi cikin mintuna, domin daɗewa a rataye yana tara jini a ƙafafu har mutum ya suma. Kafin a kai gare shi, ya riƙa motsa ƙafafu yana dogara su a jikin bishiya.

Wanda ya tashi yana cewa ba komai, a sa masa ido kwana biyu. Amai, ciwon kai mai ƙaruwa, yawan barci, rikicewar magana, jijjiga, jini ko ruwa daga kunne ko hanci, alamun jini ne a cikin kai. Ciwon ciki, ciwon kafaɗar hagu, ƙishirwa mai tsanani, gumi mai sanyi da farin ido, alamun fashewar saifa ne. Duka biyun ba sa jiran gari ya waye.

A nufi asibiti mafi kusa, kamar Babban Asibitin Gumel. Daga can, in akwai buƙata, za a tura shi Dutse ko Birnin Kudu, ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko Asibitin Ƙashi na Dala. Raunin wuya da baya da kai ba na mai ɗori ba ne, sai an ɗauki hoto an ga abin da ke ciki. In ƙaya ko turke ya huda fata, a tambayi allurar rigakafin tetanus.

Cikin shirin haihuwa

A wurin awo mukan ce ki tanadi kuɗi, da lambar direba, da wanda zai ba ki jini. Ki ƙara wannan a cikin shirin: ku zauna da maigida ku duba igiyarsa tare, ki tambaye shi wanda zai tsaya masa a ƙasa, ki kuma roƙe shi ya bar manyan bishiyoyi idan watanki ya kama. Magabata sun ce rigakafi ya fi magani. Naman daji da zuma ana samun su wata shekara, amma jaririn da ke tafe yana buƙatar uban da zai tsaya da ƙafafunsa ranar suna. Allah ya sauke ki lafiya.